Kafin a Miƙa Maka Makulli: Shawara ga Mai Neman Gidan Haya

A garuruwa irin su Kano da Kaduna da Abuja, gida mai kyau wanda kuɗinsa bai fi ƙarfin mutane ba ba ya daɗewa a hannun dillali. Kafin fenti ya bushe mutum biyar sun gani, uku sun ce suna so, ɗaya ma har ya zo da kuɗinsa a aljihu. Sai ka ji an bai wa wani daban. Wanda aka hana sai ya koma yana zargin dillali da cin amana, ko mai gida da son kai. Wani lokaci zargin yana kan hanya. Amma galibi abin da ya faru shi ne mai gida ya auna mutanen da suka zo, ya ɗauki wanda hankalinsa ya fi kwanciya da shi.

Ka dubi lamarin ta wajensa. Mutum ya shekara da shekaru yana tara bulo, wataƙila da kuɗin sallamarsa daga aiki ya yi rufi, yau kuma zai damƙa makulli a hannun wanda bai taɓa gani ba. Ya san shigar da ɗan haya aikin yini ɗaya ne, fitar da shi kuwa sai notis, sai kotu, sai watanni. Kuɗin bana ba ya damunsa, ai ga shi yana gani. Abin da ke hana shi barci shi ne kuɗin baɗi, da lafiyar gininsa, da mutuncinsa a unguwa. Duk tambayar da zai yi maka, ko da ta yi kama da shisshigi, daga nan ta samo asali. Shi ya sa neman haya a ƙasar nan ya fi kusa da neman aure a kan ciniki a kasuwa: za a bincike ka, kai ma dole ka yi naka binciken, kuma wanda ya zo shi kaɗai, ba wanda ya san daga inda ya fito, da wuya a ba shi.

Amma tun kafin ka fita, zauna ka yi lissafi. Kuɗin da dillali ya faɗa maka a waya ba shi ne abin da zai fita daga aljihunka ba. A ce hayar shekara naira 600,000 ce. La'adar dillali galibi kashi 10 cikin ɗari ce, wato 60,000. In gidan yana hannun lauya ko kamfanin kula da gidaje, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, shi ma yakan kai kashi 10. Akwai kuɗin ajiya, wanda ake cewa za a mayar maka ranar tashi in ba ka lalata komai ba. Ka ɗora motar kwasar kaya, da sauya kwaɗo, da labule, da ɗan gyaran famfo. Gidan 600,000 ya doshi 800,000 ba ka kwana a cikinsa ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara, ka ga irin wannan gida ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne ko da ransa ya biya.

Sai kuɗin mota. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, nisan gida daga wurin neman abinci ya zama haya ta biyu. Mai aiki a tsakiyar Abuja da ya kama gida a Mararaba ko Suleja don sauƙi, ko ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya tafi can bayan gari, ya ninka kuɗin motar yini da kwanakin aikin shekara, ya haɗa da hayar, sannan ya kwatanta da gidan da ya ƙi don tsada. Wani lokaci mai tsadar ne mai araha. A ganina, duk hayar da ta haura kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu, ka bar ta. Wanda kuma ya ci bashi ya biya shekarar farko, to shekara ta biyu za ta same shi da bashi biyu.

Dillali ba abokin gabarka ba ne, amma ka riƙa tunawa cewa abincinsa yana cikin a ƙulla ciniki, ba cikin ka ji daɗin zama ba. Nemi wanda aka sani a unguwar, mai rumfa ko shagon da za a same shi gobe in magana ta taso. Ka faɗa masa iyakar kuɗinka, da yawan iyalinka, da irin gidan da kake so: ciki da falo ne, ko mai ɗaki biyu da banɗaki a ciki, ko ɗaki ɗaya a gidan yawa. In ba haka ba zai yi ta yawo da kai a Adaidaita Sahu, kowane gida kana biyan kuɗin gani. Ku yi maganar la'ada tun ranar farko, domin gida ɗaya yakan bi ta hannun dillalai uku, kowa kuma yana jiran rabonsa daga wajenka. A Kaduna da Jos, inda rikice-rikicen baya suka raba unguwanni, tambayar addini da ƙabila takan riga ta kuɗi zuwa. Abin ba daɗin ji, amma gara ka tambayi dillali tun farko ko mai gidan yana da irin wannan sharaɗi, da ka ɓata ƙafarka.

Da zarar ka ga gidan da ya kwanta maka, ka nemi ganin mai shi ido da ido. Zuwa da kai ya fi aike. Dillalai da yawa ba sa son wannan, don tsoron kada a zagaye su. Ka kwantar masa da hankali cewa la'adarsa tana nan, kuma da shi za a je.

A nan ake samu, a nan ake rasawa. Ka je cikin shiga ta kamala, a kan lokaci, ka yi sallama, ka bari a gama gaisuwa kafin a shiga magana. Kada ka fara da kushe gida don a rage maka. Wannan dabarar kasuwa ce, kuma mutumin da ya gina gida da guminsa ba ya son jin cewa falonsa ya yi ƙanƙanta. Zancen yakan tafi kamar haka:

"To, Malam, ina ake aiki?"

"Ranka ya daɗe, ina koyarwa a makarantar sakandare, shekarata shida a wurin. Ga takarda daga shugaban makarantar."

"Iyali fa?"

"Mata ɗaya da yara huɗu, Alhaji. Akwai kuma ƙanena da ke karatu, yakan zo hutu ya yi wata guda."

"Me ya tashe ka daga inda kake?"

"Gidan ya yi mana kaɗan. Ga lambar mai gidan, in an ga dama a tambaye shi."

Ka lura da maganar ƙanen nan. Ba a tambayi malamin ba, shi ya faɗa. Abin da ya fi ɓata tsakanin mai gida da ɗan haya a watannin farko shi ne mutum ya ce su uku ne, ranar tarewa a ga mota ta sauke mutum tara da awaki biyu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a unguwar da maƙwabta ke ƙirga takalman ƙofar gida. In kana kiwon kaji, in matarka tana sana'ar abinci ko markaɗe a gida, in aikinka na dare ne kana dawowa ƙarfe biyu, in kana da janareto, duk ka faɗa yanzu. In mai gida ya ƙi, ka yi asarar yini ɗaya. In ka ɓoye ya gano daga baya, shekara guda za ku yi kuna kallon hadarin kaji, kuma ba zai sabunta maka ba.

Amsa ta ƙarshen nan kuwa, ta lambar tsohon mai gida, ita ce mafi nauyi cikin duk abin da za ka kawo. Masu gidaje sun fi yarda da junansu a kan kowace takarda. In kun rabu lafiya da wanda ka baro, shaidarsa ta fi ta banki. Ka haɗa da rasit ɗin hayar shekarun baya in kana da su, domin su ne ke nuna kana biya a kan lokaci.

Takardun da ake yawan nema ba su da yawa: katin shaidar ɗan ƙasa mai lambar NIN, ƙananan hotuna biyu, katin wurin aiki ko takardar shaida daga can. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu da ba shi da takardar albashi kada ya ji ya kasa. Ya faɗi lambar shagonsa da layin da yake, ya zo da shugaban layin ko wani dattijo daga ƙungiyarsu. Manyan kamfanonin gidaje a Abuja da Legas sukan ba da fom, har su nemi bayanan shige da ficen asusun banki na wasu watanni. Ka cike komai, kada ka bar gurbi, kuma ka tanadi takardun a jaka ɗaya tun kafin ka fara nema. Wanda ya ce "zan kawo jibi" yakan tarar wanda ya kawo yau ya karɓi makulli. Abu ɗaya ne ba a bayarwa ko wa ya nema: lambar sirrin katin banki, da lambar da banki ke turowa a waya. Ba mai gidan da ke buƙatar su.

Sai mai tsaya maka. Kada ka ɗauko abokin hirarka na majalisa don kawai yana kusa. Ana son mutum mai gida da iyali, wanda aka san inda yake kwana: limamin masallacinku, shugabanka a wurin aiki, kawunka da ya daɗe a garin. Ka sanar da shi tukuna, ka gaya masa nauyin da yake ɗauka, kada a kira shi ya ce, "Wa ke nan?" Wannan kalma ɗaya ta isa ta rushe duk abin da ka gina.

Akwai waɗanda ƙofa ta fi yi wa wuyar buɗewa. Gwauro yana cikinsu, musamman a gidan yawa inda matan aure ke tsakar gida. Amma mace marar aure ta fi kowa shan wuya, ko bazawara ce da 'ya'yanta, ko ma'aikaciyar asibiti da aka yi wa canjin gari, ko ɗalibar jami'a. Za ta zo da kuɗinta cif, da takardar aikinta, a ce mata, "Ina mijin?" Ni dai ina ganin wannan rashin adalci ne, domin macen da ke riƙe da marayu ta fi kowa buƙatar rufin asiri, kuma ba a san mata da gudun biyan haya fiye da maza ba. Amma tunda haka garin yake, shawarata gare ki ita ce kada ki ƙirƙiro mijin da "yake Legas". Wata uku ba za a yi ba maganar za ta fito, kuma a lokacin an sami abin faɗa a kanki. Ki zo da yayanki ko baffanki ko wani babba daga wurin aiki, a gabatar da ke a mutunce: "Hajiya, wannan 'yata ce, ni ne waliyyinta, duk abin da ya taso a neme ni." Ki kuma fi karkata ga gidajen da ke hannun mata ko dattawan da ke zaune a ciki da iyalinsu. In sun karɓe ki, su ne za su zama garkuwarki a unguwar.

To, an yarda da kai. Kada murna ta sa ka manta naka binciken, domin gani ya kori ji.

Dillali da rana yake kai mutum, kuma da rani gidaje duk lafiyayyu ne. Damina ce ke tona asiri, musamman watan Agusta. In ba lokacin ruwa ba ne, gini da kansa zai ba ka labari. Dubi gindin bango: in ka ga wani layi mai duhu ya zagaye ɗaki daidai ƙwauri, ko fenti yana ɓarewa daga ƙasa, ko an yi sabon fenti a rabin bango na ƙasa kaɗai, ruwa yana kwana a wurin. Ɗaga kai ka dubi silin, tabo mai ruwan ƙasa alamar yoyo ce. In an ɗora bulo ɗaya ko biyu a bakin ƙofar gida har sai ka ɗaga ƙafa za ka shiga, kuma maƙwabta duk sun yi haka, to layin nan yakan zama kogi. Leƙa kwata ka ga inda ruwan wanka yake bi. Buɗe banɗaki ka tsaya minti ɗaya, hancinka zai gaya maka ko shadda ta cika.

Ruwan sha kuma, kan famfo a bango ba shaida ba ne. Murɗa ka gani. In ka ga kurar 'yan garuwa jere a bakin layi, ka san amsar. Sai ka tambaye su nawa jarka, ka shigar da shi lissafin wata. In rijiya ce, ka tambaya ko tana kaiwa watan Afrilu da Mayu da ruwa. In burtsatse ce, wa ke sayen man tayar da ruwa, wa ke gyara in injin ya ƙone?

Wuta tana da nata tarkon. Bashin wanda ya tashi yakan zauna a kan mita, sabon shiga ya tarar ana zaftare masa duk lokacin da ya sayi kati. Ka karɓi lambar mitar, ka sayi wutar naira dubu ɗaya, ka ga abin da za a ba ka. In ba mitar kati ba ce, a nuna maka takardar biya ta watan da ya wuce. Ka tambayi rukunin wutar da layin yake: tun watan Afrilun 2024 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a yini, suke biyan kuɗi mai yawa fiye da sauran. A gidan yawa mai mita ɗaya kuwa, ka ji yadda ake raba kuɗin tun kafin ka shiga. Faɗan da ake yi a kan dutsen guga da abin dafa ruwa ya tashi mutane da yawa daga gidajen da suke so.

Ka sake komawa unguwar bayan isha'i, kai kaɗai. Zauna wurin mai shayi, ka sayi kofi ɗaya, ka yi tambaya cikin hira: ya unguwar take da dare, wa ya tashi daga gidan can, me ya tashe shi? In gida ya sauya 'yan haya uku cikin shekara biyu, da wuya a ce duka ukun ne masu laifi.

Tambaya mafi girma ita ce: wanda zai karɓi kuɗinka, shi ne mai ikon bayar da gidan? Damfarar haya iri biyu ce ta fi yawa. Akwai ta intanet, inda ake sa hoton gida mai kyau a Facebook da kuɗi mai sauƙi, a ce mutane sun yi yawa, ka turo kafin alƙalami a riƙe maka. Duk gidan da ba ka shiga da ƙafarka ba, kada ka tura ko sisi. Akwai kuma wadda ta fi wuyar ganewa, ta gidan gado. Ɗaya daga cikin magada ya ba ka haya ya karɓe kuɗi, bayan wata biyu sauran su zo su ce ba da saninsu ba, ko kotu ta sa a sayar a raba. In ka ji an ce mai gidan ya rasu, ka tambayi wanda magada suka wakilta, a nuna maka a rubuce. Mai unguwa ya san gidan wane ne da rigimar da ke kansa. Gaisuwar minti goma a ƙofar gidansa tana iya tsare maka kuɗin shekara.

Wajen biya, ka tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke cikin yarjejeniya, ba asusun dillali ba. A wurin bayani ka rubuta cewa kuɗin hayar gida kaza ne, daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Ka karɓi rasit duk da haka. In dole sai tsabar kuɗi, to a gaban shaidu biyu, ɗaya naka ɗaya nasa.

Mutanenmu suna jin nauyin neman a rubuta, kamar rashin yarda ne. "Haba, ai mun zama ɗaya." Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma malaman fiƙihu sun sharɗanta a san kuɗin haya a san wa'adinta. Ko takarda ɗaya ce da Hausa ta wadatar, muddin ta ƙunshi sunayenku, da kwatancen gidan, da kuɗin, da ranar farawa da ta ƙarewa. A faɗi wanda gyaran rufi da kwashe shadda ke kansa, da wanda ƙananan gyare-gyare ke kansa. A faɗi nawa ne kuɗin ajiya da yaushe za a mayar. A faɗi wata nawa za a sanar da kai kafin a ƙara kuɗi. In ka yi niyyar yin wani aiki da kuɗinka, kamar sa tayil ko haƙa rijiya, a rubuta ko za a cire daga haya, domin alkawarin baki a kan wannan kusan kullum rigima yake haifarwa.

Ka karanta sashen notis sau biyu. A Abuja da jihohi da dama, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan wata uku-uku na wata uku, mai biyan shekara-shekara kuwa na wata shida. Bayan wa'adin ya cika akwai wani na kwana bakwai, daga nan sai kotu. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kwance kwano ko watso kaya waje da hannunsa. Amma in ka sa hannu a takardar da ta ce notis ɗin wata ɗaya ne, to wata ɗayan ne naka, wata shidan ya tafi. Haka in an rubuta cewa hayar ta shekara ɗaya ce tak mai ƙarewa ranar kaza, da ranar ta zo wa'adi ya cika da kansa. Don haka in takardar da Turancin lauyoyi aka rubuta ta, ka nemi kwana ɗaya ka kai wa wanda zai fassara maka. Mai gidan kirki ba zai hana ba.

Game da masu neman kuɗin shekara biyu a dunƙule: a Legas dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, 'yan uwanmu na Agege da Idi-Araba su san da wannan. A Gana ma dokar 1963 wata shida ta ƙayyade, amma mazauna Nima da zangon Kumasi sun san shekara biyu ake nema. Doka daban, kasuwa daban. Inda mai gida ya nace, ka gwada roƙon a karɓi shekara ɗaya yanzu, tare da mai tsaya maka a zaune. Sau da yawa shekara biyun nan tsoro ne ya kawo ta, in tsoron ya kau sai a sassauta.

Ranar da aka ba ka makulli, kafin a shigo da ko tabarma, ka zagaya da mai gida ko wakilinsa, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da wayarka: gilashin da ya tsage, makunnin da ba ya aiki, lambar da mita ta tsaya a kai. Ka tura masa hotunan ta WhatsApp a ranar, don kwanan wata ya zauna a wayoyinku duka biyu. Da su za ka karɓi kuɗin ajiyarka ranar tashi. Ka sauya kwaɗon ƙofar waje. Sannan ka raba kuɗin hayar gida goma sha biyu, ka shiga adashi ko ka buɗe asusu daban da kason watan farko tun daga albashin da ke tafe, kuma ka roƙi uwar adashi ta sa kwasarka ta faɗo wata guda kafin hayar ta ƙare.